Tsohuwar Firinta

Shekara goma sha ɗaya tana kan teburin nan,
a ɗakinmu na Agege, bayan layin dogo,
lulluɓe da tsohon ɗankwalin Lantana,
don ɗanshin Ikko ba ya jin kunyar kowa.
Da damina takardu sukan manne da juna,
sai na yi ta kaɗa su kamar mai fifita gawayi
kafin ta yarda ta haɗiya.

In an ɗauke wuta, ƙaramin janareto ba ya ƙaunarta.
Ina danna ta sai ya yi tari,
ƙwai ya lumshe ido, fanka ta sassauta,
Iya Sidikatu ta ɗaga murya ta taga:
"Malam Shekarau ya fara bugu!"

Ita ta buga rasit na ƙungiyarmu ta 'yan goro,
huhu nawa daga Shagamu, nawa aka loda Sakkwato,
da sunan wanda ya ci bashi ya daina gaisuwa.
Ita ta buga takardar neman aikin Tanimu
sau arba'in da bakwai.
Na ƙirga, ni ke sayen takardar.
Kowacce ta fito da ɗumi kamar waina daga tanda,
ya sa a ambulan, ya fita da asuba,
ya dawo takalmi duk taɓo.

Sai tsufa ya zo mata ta gefen hagu:
baƙin layi siriri daga sama har ƙasa
a kowane shafi, kamar tsagar gado.
Lamidi mai gyara ya buɗe cikinta sau uku,
ya girgiza garin tawada, ya hura,
ya ɗago da hanci baƙi ƙirin.
A na huɗu ya goge hannu a wando:
"Baba, kuɗin gyaranta rabin sabuwa ne.
Bar ta ta huta."

Na je Ikeja, kasuwar kwamfuta,
inda 'yan kamasho suka kusa raba ni da riga.
Ikenna ya rantse ba a taɓa buɗe kwalin ba.
Na taya, ya yi dariya. Na juya, ya kira ni.
A danfo na rungume ta a cinya,
kwandasta ya ce kaya ma fasinja ne,
na biya na mutum biyu.

Sabuwar fara ce, ba nauyi, ba ta son igiya.
Jikata Hajjo ta shafa wayarta daga bakin ƙofa,
takarda ta zamo waje ba ko gyaran murya.
Fes. Ba layi.
Na riƙe ta ina dubawa
kamar fuskar baƙon da ban san gidansu ba.

Ranar Lahadi ɗan jari-bola ya zo da sikeli.
Kafin ya ɗauka na ce tsaya,
na buɗe murfin baya da ban taɓa buɗewa ba.
Can ciki, naɗe a jikin ƙarfe,
guntun takarda da zafi ya mayar ruwan ƙasa:
"shinkafa mudu huɗu, manja kwalba,
kuɗin makarantar Ta..."
Nan ta yage.
Lissafin Lantana ne, shekarar da ta nace
sai ta koyi bugawa da yatsa ɗaya.
Shekara shida ke nan da rufe ta a Agege.

Yaron ya rataya, ya ce kilo bakwai.
Ban yi ciniki ba.
Ya jefa ta a kura, tsakanin tayar babur da murfin tukunya,
ya tura ya bi layin dogo.

Ɗankwalin na riƙe.
Na yafa wa sabuwar da daddare,
ya yi mata yawa, yana reto ta gefen tebur.
Hajjo ta ce a ninka shi biyu.
Na ce a bar shi haka.